Haƙorin Makkan Gwaggo

"Innalillahi! Laure, mene ne wannan a jakarki?"

Bilya ya zabura daga kan tabarmar zaure, yana riƙe da abin da yatsu biyu, nesa da farar shaddarsa. Cajar waya ya ce ta ara masa, ta ce ya duba jaka, sai hannunsa ya fito da wani ƙashi fari fat mai haƙora a jere.

Lauratu ko a jikinta.

"Muƙamuƙin rago ne. Ajiye a hankali, kada ka karya min."

"Kada in karya miki! 'Yan matan Garwa kaf turare suke sakawa a jaka, ke kuma kan rago?"

"Na ƙasa ne kawai. Zo ka gani, Yaya Bilya... Ka taɓa lura rago ba shi da haƙoran gaba a sama? Shekara nawa kana cin kan rago, ba ka taɓa tambayar dalili ba?"

"Ni ci nake yi, ba hira nake yi da shi ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya so ya dake, dariyar ta ƙwace masa. Taubasai ne, mahaifiyarsa yayar mahaifinta ce, tun suna yara suke tsokanar juna, har tsokanar ta rikiɗe ta zama wani abu da su kansu ba su san ranar da ya fara ba. Yanzu an sa rana, bayan Babbar Sallah.

Da dariyar ta lafa, Lauratu ta karɓi ƙashin ta ɗora a cinyarta, ta sunkuyar da kai.

"Zan sake zama konkur."

"Wane konkur?"

"Jarrabawar shiga makarantar likitanci. Ɓangaren haƙori nake so."

Ya daɗe yana kallonta. "A ina?"

"Yawunde."

"Shekara nawa?"

"...Bakwai."

"Bakwai!" Ya cire hularsa ya ajiye. "Laure, na jira ki kika yi bak, kika gama sakandare. Kika zauna konkur ɗin nan kika faɗi, na ce ba komai. Kika tafi jami'a Ngaundare, shekarar farko kika dawo kina kuka, ni na ɗauko ki a tasha. Kika ce za ki maimaita, na ce to. Yanzu kuma bakwai? Rabin raina, ni ma fa mutum ne!"

"Bana ce ta ƙarshe gare ni. Baɗi shekaruna sun wuce, ba za su karɓe ni ba."

"Kawu ya sani?"

"Baba ya ce ya riga ya ba Gwaggo magana, ba zai yi musu da yayarsa ba. Abin da ta ce shi ke nan."

Bilya ya ɗauki hularsa. "To kin san amsar. Hajiya rabonta da dariya tun cikin azumi, tun ranar da ta ji kina sayen littattafai. Kowa ya san da ke take fushi."

Ya fita ko sallama bai yi ba. Ta ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace.

Dangi sun daɗe da yanke wa Lauratu hukunci. Yarinya ce mai hankali, amma an auna kanta an ga iyakarsa. Wanda bai taɓa leƙa ƙofar jami'a ba ma yana da ra'ayi a kan wannan magana, kuma da ƙarfi yake faɗinsa.

Babu wanda ya tambaye ta yadda aka yi ta faɗi.

A lise, wato sakandare, ita ce ta ɗaya, da hadda. Ta ɗauki shafi ta yi ta maimaitawa tana kaɗa kai, kamar yadda ta saba a Islamiyya, ran jarrabawa ta juye shi yadda yake. Da ta shiga jami'a, ta tarar da ɗalibai sun cika zaure maƙil, malami can ƙasa kamar tsinke. Ta sayi takardun darasi ta haddace su tsaf. Sai aka yi tambayar da ba ta cikin takarda: me ya sa? Ta samu shida bisa ashirin. Ba ta taɓa ganin irin wannan lamba kusa da sunanta ba.

A hutun shekarar ne, tana babbaka kan ragon layya hawaye na zuba, ta buɗe bakinsa ta ga dasashin sama fayau babu haƙori. Ta tsaya. Ta manta da kukan. Ta shafa wurin da yatsa, ta ce a ranta, to da me yake tsinke ciyawa?

Daga ranar ta daina haddace abin da ba ta gane ba. Ta maimaita shekarar ta samu sha huɗu, ta gaba ma ta wuce da kyau. Amma labarin faɗuwa ya riga ya zaga gari, na cin nasara kuwa ko zaure bai fita ba.

Washegari da hantsi ta dama fura ta nufi gidan Gwaggo Ramatu a unguwar Fulbere. Zafin Garwa ya fara dukan ƙeya tun kafin rana ta yi tsaka.

Ta tarar da ita a ƙarƙashin darbejiya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Gwaggo, ina kwana? Jam na?"

"Jam."

Shi ke nan. Gwaggo Ramatu ke nan, wadda in ta fara gaisuwa sai ta tambayi har kajin gida. Matar da dariyarta ke tsallaka katanga, haƙorinta na Makka yana walƙiya, har yara suke kiranta Hajiya Mai Gwal.

Lauratu ta zauna a gefen tabarma. Ta shirya maganganu da yawa a hanya, amma idonta ya sauka kan wani abu, duk suka tashi. Magogin goro. Gwaggo da ke fasa goro da haƙori ƙas, yau ita ce ke goga shi kamar tsohuwa tukuf?

Ta shaƙi iska. Ƙanshin kanumfari, mai ƙarfi.

Ta miƙa mata furar, da ƙanƙara a ciki. Gwaggo ta kurɓa, sai ta runtse ido, hannunta ya tafi kumatun hagu kafin ta tuna ta sauke shi.

"Gwaggo... tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Haƙorin."

"Ke 'yar nan, ki kiyaye ni."

"Ruwan sanyi ne yake tayar da shi, ko na zafi ma? Yana hana ki barci? Yana harbawa har kunne?"

"Ji min yarinya! Kin zama likitar ne tun yanzu?"

"Ban zama ba. Sani kawai nake so."

Gwaggo ta harare ta. Lauratu ba ta kawar da kai ba. Ba rashin kunya ba ne, fuskarta irin ta yaron da ya ga akwati a rufe ce. A hankali tsohuwar ta waiga ta tabbatar babu kowa a tsakar gida, ta saki mayafin.

Kumatun ya kumbura suntum.

"Subhanallahi! Gwaggo, da wannan kike zaune tun azumi?"

"Rage murya! Tsutsa ce. Na yi hayaƙi, na sa kanumfari, na sa gishiri. Za ta mutu."

"Wanne ne a ciki?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Lauratu ta gane.

"Na Makkan?"

"In na je asibiti cire shi za su yi, su jefa a kwandon shara." Muryarta ta canja. "Shekarar da muka sauke farali da Alhaji, shi ya kai ni wurin mai sa haƙorin. Ya tsaya a kaina yana min tsiya, wai in na koma gida ba zan sake rufe baki ba. Shi ya zaɓi gefen. Bai shekara biyu ba bayan nan ya rasu... Kayansa duk an raba. Wannan kaɗai ne ba wanda ya isa ya raba."

Lauratu ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Wata biyu dangi suna fassara shirun matar nan, kowa da tafsirinsa, ashe ciwo take ɓoyewa.

"Bari in gani, Gwaggo."

Ta wanke hannu, ta kunna fitilar waya. Gwaggo ta buɗe baki da ƙyar. Gwal ɗin yana nan lafiya lau, yana sheƙi. Amma dasashin da ke samansa ya yi ja, ya tasa, a gefen gwal ɗin kuma akwai wani baƙin layi siriri.

"Me kika gani?"

"Gwal ɗin hula ce kawai aka kifa. Haƙorinki na gaske yana ciki. Ina jin ta gefen nan abinci yake shiga, can ƙarƙashi yake ruɓa inda asuwaki ba ya kaiwa."

"To za a cire ko ba za a cire ba?"

Lauratun da, wadda ta haddace shafi, da ta ƙirƙiro amsa.

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ba ki sani ba! Duk littattafan nan?"

"Ban sani ba tukuna. Amma na san wannan kumburin ba abin wasa ba ne, in ya gangara wuya yana iya kashe mutum. Kuma na yi miki alkawari ɗaya: ko me za su yi, gwal ɗin nan a hannunki zai dawo gida. Ni zan tsaya."

"Kuma in wangale baki gaban wani ƙato?"

"Akwai mace. Ɗaya ce, amma akwai."

Bilya ne ya kai su a motar shago. Tunda suka shiga bai ce wa Lauratu uffan ba, sai dai yana ta satar kallon kumatun mahaifiyarsa ta madubi, kunya ta rufe shi. Gida ɗaya suke kwana.

A barandar asibitin mata ne zaune a jere, wasu da ƙyalle ɗaure a haɓa. Gwaggo, duk da ciwo, sai da ta yi bincikenta da Fulatanci. Wannan daga Bibemi ta taso tun asuba. Waccan daga Pitowa, ta shekara tana fama, mijinta ya ce ba namijin da zai sa mata hannu a baki. Gwaggo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Dokta Agnès 'yar kudu ce, gajera, mai saurin magana. Ba ta jin Hausa, Fulatancinta bai wuce gaisuwa ba. Gwaggo kuwa Faransancinta ya tsaya a kan ƙirgen kasuwa. Lauratu ta tsaya a tsakani.

"Ce mata kada ta yar min da shi."

Ta faɗa. Likitar ta yi murmushi ta ɗauko wani ɗan faranti ta ajiye a inda Gwaggo za ta iya gani.

Aka ɗauki hoton haƙorin. Da aka ɗaga shi a haske, Lauratu ta matso har goshinta ya kusa taɓa shi. Ga saiwar, ga wani baƙin tabo a ƙarshenta kamar inuwa.

"Dokta, wannan mugunya ce? Ta cikin jijiyar ta bi ta sauka? To me ya sa da ruwan sanyi yake tayar mata, ai in jijiyar ta mutu bai kamata ta ji ba... ko na kusa da shi ne ya kamu?"

Dokta Agnès ta juyo ta dube ta sosai. Ta ƙwanƙwasa haƙorin da ke kusa, Gwaggo ta zabura.

"Biyu ne," in ji likitar. "A ina kike karatu?"

Lauratu ta gaya mata. Ba ta ɓoye shida bisa ashirin ɗin ba.

"Me take cewa?" Gwaggo ta tambaya da baki a buɗe. "Ni ake wa aiki, ku kuke hira!"

"Cewa ta yi in matso in riƙe mata fitila."

An daɗe ana aiki. Aka zare hular gwal ɗin a hankali, ta faɗa farantin da 'yar ƙara. Aka wanke cikin haƙorin, mugunya ta fita, ba a cire shi ba. Duk tsawon lokacin hannun Gwaggo yana damƙe da zanen Lauratu, ita kuwa idonta bai bar bakin ba ko sau ɗaya.

Bilya yana tsaye a bakin ƙofa, yana ganin komai.

Da aka gama, likitar ta ce in ya warke bayan 'yan makonni za a iya gyara gwal ɗin a mayar. Lauratu ta fassara. Gwaggo ta ɗauki abinta ta juya shi a tafin hannu, ta leƙa cikinsa.

"Ashe rami ne a ciki," ta ce. "Shekara ashirin yana bakina ban sani ba. Tambaye ta, ina tsutsar?"

"Ta ce babu tsutsa, Gwaggo."

"To me ke cin haƙorin?"

"Wasu halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu."

"To ai tsutsa ke nan, ƙarama." Ta ƙulle gwal ɗin a bakin mayafi. "Useko, Dokta, na gode. Mu tafi."

Bayan sun sauke ta a gida, Bilya ya ce zai mayar da Lauratu. Amma bai bi hanyar gidansu ba, sai ya gangara bakin kogin Binuwai ya tsaya kusa da gada. Ruwa ya cika, masu wanki suna ta buga kaya a kan duwatsu.

"Wata biyu," ya ce. "Kullum ina gaishe ta safe da yamma. Ke kika zauna da ita kafin fura ta huce kin gano."

"Furar da sanyinta na kai."

"Laure, ba wasa nake yi ba." Ya juyo. "Na ga fuskarki a ɗakin nan. Wallahi ni kaina ba ki taɓa kallona yadda kika kalli ruɓaɓɓen haƙorin Hajiya ba."

"Kai ai lafiyarka ƙalau."

"Ba lafiyata ƙalau ba! Tsoro nake ji. Ki je Yawunde ki zama Dokta, ki dawo ki tarar da ni ina auna atamfa..."

"Yaya Bilya." Ta dube shi. "Ranar da na dawo da shida bisa ashirin, kowa ya ce in haƙura. Kai kaɗai ka ce in share hawaye in ci abinci, gobe ma yi magana. Kana jin zan manta? Ba na son in zaɓa tsakaninka da wannan. In ka ce in bari, zan bari... amma ban san wace mata za ka samu ba."

Ya daɗe yana kallon ruwa.

"Kayan shago daga Duwala suke tasowa," ya ce daga baya. "Yayana ne ke zuwa saro su. Ya daɗe yana kukan bayansa." Ya share fuska da tafin hannu. "Hanyar ta Yawunde take bi, ko ba haka ba?"

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya.

"Sai dai sharaɗi ɗaya, abar ƙaunata. Kan ragon nan ba zai kwana a ɗakina ba."

Sauran magana Gwaggo ce ta ƙarasa ta. Kumburi na saɓewa ta sa mayafi ta tafi gidan ƙaninta. Muryarta ta dawo, har maƙwabta sun shaida.

"Ilyasu, aure ba fashi. A ɗaura. Amma yarinyar nan za ta zauna jarrabawarta."

"Yaya, ke fa kika ce an auna ta an gani."

"Na ce. Lokacin haƙori ke ciwo. Ka je barandar asibitin nan ka ga matan mutane, sannan ka zo mu yi magana."

Aka ɗaura aure bayan Sallah. Amarya da lallenta a hannu ta shiga ɗakin jarrabawa, ango yana waje a rana yana ta kai da komo kamar mai jiran haihuwa. Da sakamako ya fito, ba ta cikin na farko-farko. Tana can kusa da ƙarshe. Amma tana ciki.

Ranar tafiya Gwaggo ta dage sai ta raka su har tashar jirgin ƙasa a Ngaundare. Mutane na ta turereniya da kaya, masu sayar da zuma da ayaba suna kira. Ta jawo Lauratu gefe, ta kwance bakin mayafinta, ta danƙa mata wani abu a tafin hannu ta rufe da nata.

Lauratu ta buɗe. Gwal ɗin ne.

"Gwaggo! Ai Dokta ta ce ya warke, ki koma a mayar miki..."

"Na ji abin da ta ce. Alhaji ne ya tsaya aka sa shi. Ba kowane hannu ne zai mayar ba." Ta gyara mayafi. "Ajiya na ba ki. Ranar da kika gama, ke za ki sa min da hannunki."

"Shekara bakwai fa, Gwaggo..."

"Na iya ƙirge. Shi ya sa nake gaya miki, ni ba yarinya ba ce. In kika kuskura kika maimaita shekara ko ɗaya, sai na biyo ki har Yawunden!"

Lauratu ta faɗa jikinta tana kuka. Bilya ya kawar da kai, wai yana gyara igiyar akwati.

Jirgi ya yi kuka. Ta leƙo ta taga, hannunta a dunƙule a ƙirji. Can a kan dakali Gwaggo Ramatu tana ɗaga hannu tana dariya, baki a buɗe har kunne, babu gwal, kuma ko mayafi ba ta ja ta rufe ba.